Babin Jami'a a Kundin Bilanta

Babu wata ƙasa a duniya da ake kira Bilanta. Amma a wata sakandare da ke bayan layin dogo a Kafanchan, duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san sunan babban birninta, ya san kogin da ya ratsa ta, ya kuma san cewa ta taɓa yin shugaba mace wadda ta hana tsadar taki. Malam Gershon, malamin tarihi, shi ya fara abin shekara goma sha shida da suka wuce, ranar da ya gaji da ganin yara suna haddace shekaru ba tare da sun tambayi wanda ya rubuta su ba. Ya shigo aji da wani ƙaton littafi mai bangon kwali, ya ajiye a kan tebur, ya ce su ƙirƙiro masa ƙasa. Suka zana taswira, suka raɗa mata suna. Tun daga nan kowane ajin ƙarshe yakan ƙara babi guda kafin ya fita.

Dokar kundin ba ta da yawa. Abin da ajin baya ya rubuta ya zauna, ba a gogewa, ba a yage shafi. Sabon babi kuma ɗalibi ɗaya ke rubuta shi a takarda, ya karanta a gaban aji, a ɗaga hannu. Idan masu amincewa sun fi yawa, sai a shigar da shi da biro.

A bana Malam Gershon ya ce babin jami'a za a yi, ya kuma miƙa aikin ga Raliya. Ba wanda ya yi mamaki, har ita kanta. 'Yar mai sayar da hatsi ce a babbar kasuwa, gidansu ya fi shekara tamanin a garin, kuma tun tana aji ɗaya take leƙen kundin ta taga duk ranar da manya ke karatu. Ta riga ta gaya wa babanta cewa tarihi za ta karanta a jami'a, ba lauya ba kamar yadda yake so. Ta karɓi littafin da hannu biyu, ta zauna da shi a ɗakin karatu kwana uku tana bin shafukansa ɗaya bayan ɗaya.

A rana ta uku ta ci karo da matsala. Ba a taɓa yin babin jami'a ba, amma an ambace ta sau biyu. A babin lafiya, wata ɗaliba mai suna Mildred ta rubuta cewa Jami'ar Ƙasa ta samo asali ne daga kwalejin malamai da nas-nas da 'yan mishan suka buɗe a bakin Kogin Tamba a shekarar 1931. Shekara huɗu bayan babin Mildred, a babin kasuwanci, wani Badruddeen ya rubuta cewa jami'ar ta tsiro ne daga makarantar zaure da wani malami bafatake ya buɗe a bakin Kogin Tamba a shekarar 1924. Dukansu da biro, dukansu aji ya amince.

Raliya ba mai ɓoye abu ba ce. Washegari ta tashi ta karanta wa aji jimlolin biyu, tana ganin kowa zai yi dariya. Ba a yi ba. Jonathan, monitan aji kuma gwanin muhawarar makaranta, ya ce wanda aka fara rubutawa shi ne gaskiya, na baya kuskure ne. Irfan, wanda ke zaune a bencin ƙarshe, ya ce ko makaho ya san ashirin da huɗu ta riga talatin da ɗaya. Kafin a tashi tara, ajin da ke cin ƙosai tare ya rabu gida biyu, kuma ba sai an gaya wa mutum ta inda ya rabu ba. Kirista ashirin da uku ne a ajin, Musulmi goma sha biyar. Maganar ta bi yara gida. Ranar Litinin wani uba ya zo ofishin shugabar makaranta yana tambaya ko gaskiya ne ana koya wa ɗansa tarihin da aka cire mutanensa.

Shugabar, Madam Keziya, mace ce da ta ga abubuwa da yawa a garin nan, ba ta wasa da irin wannan. Ta kira Malam Gershon da Raliya tare, ta sa aka rufe ƙofa.

"Ranar Alhamis ta sama zan zo in zauna a ajin da kaina," in ji ta. "Idan na ga hannuwa sun rabu, coci gefe, masallaci gefe, zan ɗauki littafin nan in kulle a kabad ɗina. Ba wani aji da zai ƙara taɓa shi. Kun ji ni?"

Malam Gershon ya ce ya ji. Da suka fito, Raliya ta dube shi tana jiran ya gaya mata abin da za ta rubuta. Bai gaya mata ba. Ya tambaye ta ne kawai ko shafukan duka ta karanta, ko kuwa jimlolin da suka tayar da ƙura. Sannan ya ce abin da masu tarihi ke nema ba sa samu, ita tana da shi: waɗanda suka rubuta majiyarta suna raye, ɗaya yana kasuwa, ɗaya tana Manchok.

Ta fara da na kusa. Badruddeen yana da shagon fitilun sola da cajar waya a layin 'yan robobi, kuma ya san yayanta, saboda haka bai bari ta gama gaisuwa ba ya tura mata kujera. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce shi bai taɓa ganin shafin Mildred ba. A shekararsu ruwan sama ya yaye kwanon ɗakin karatu, kundin ya jiƙe, Malam ya tafi da shi gida ya jera duwatsu a kansa wata biyu yana bushewa. Su kuwa suka yi babinsu a takardu, daga baya aka kwafe. Zauren da ya rubuta kuma zauren kakansa ne, inda 'ya'yan fatake ke koyon karatu da lissafin awo, shi dai ya canza sunan kogi.

"Yaya, to in aka ce a cire naka fa?" Raliya ta tambaya don ta gwada shi.

"Ki ce wa mai cirewa ya zo ya same ni a shago," in ji shi, yana murmushi. "Amma ki gaishe min da Mildred. Ita ta yi wa matata awo lokacin cikin fari."

Ranar Asabar ta nemi izinin babanta, ta shiga bas zuwa Manchok tare da ƙanwar mahaifiyarta da za ta je sayen acca. Ta sami Mildred a wani ƙaramin asibiti, tana cikin farin kaya, tana yi wa wata jaririya rigakafi. Sai da layi ya ƙare suka zauna a ƙarƙashin mangwaro. Mildred ta tuna babin sarai. Ta ce labarin kakarta ne, wadda ta yi horon nas a wurin 'yan mishan, kuma kullum takan ba su labarin yadda ake tashinsu da ƙararrawa su fita ɗibar ruwa.

"Anti, a wane gefen kogin kika sa kwalejin?"

"Gefe kuma? Ni ban sa shi a wani gefe ba, ƙanwata. Abin da Kaka ta faɗa na rubuta. Ta ce in sun fito da safe, rana yana fitowa daga hayin ruwa yana shiga masu ido, har ba su ganin tulu. Na sa wannan a ciki, je ki duba."

Raliya ta yi godiya, ta karɓi ayabar da aka ba ta. A cikin bas, an matse ta tsakanin buhun acca da wata mata mai kaji, maganar ta ƙi barin kanta. Rana daga hayin ruwa. Ta tuna cewa a shafin Badruddeen ma akwai rana, amma ba ta safe ba. Ta so a ce motar ta yi fiffike.

Da sanyin safiyar Litinin, kafin a buga ƙararrawar taro, ta buɗe kundin a wurare uku. A taswirar da ajin farko ya zana, Kogin Tamba daga arewa ya gangaro zuwa kudu. A shafin Mildred, 'yan kwaleji suna kallon fitowar rana a hayin kogi, ke nan suna gaɓar yamma. A shafin Badruddeen, fatake suna zaune a ƙofar zaure bayan la'asar suna kallon rana tana faɗuwa a hayin kogi, ke nan suna gaɓar gabas. Makarantu biyu ne, suna kallon juna, ruwa a tsakaninsu. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya san da ɗan'uwansa.

Saura abin da zai haɗa su, kuma ba ta so ta ƙirƙiro shi daga kanta idan kundin yana da shi. Ta koma babin sufuri, wanda aji na biyu a tarihin kundin ya rubuta tun kafin Mildred. A can, tsakanin dogon bayani kan tashoshi da taragai, ta sami layi ɗaya: an gama gadar jirgin ƙasa ta Kogin Tamba a shekarar 1958, an kuma yi mata hanyar ƙafa a gefe. Ta rufe littafin a hankali. Da Malam Gershon ya shigo ya tambaye ta yadda ake ciki, ta ce ya bar mata Alhamis.

Alhamis ta zo. Madam Keziya ta shigo da kujerarta, ta zauna kusa da ƙofa, jakarta a kan cinya. Malam Gershon ya koma bayan aji ya jingina da bango. Raliya ta fito da takardunta guda huɗu, ta tsaya a gaban allo. Ba ta fara da babin ba. Ta zana kogin da alli, ta rubuta gabas da yamma, ta karanta jimlar Mildred, ta karanta ta Badruddeen, ta ce wani ya fito ya nuna mata inda kowace makaranta take. Wata yarinya mai suna Selina ta fito ta sa alama a yamma, ta ɗan yi tunani, ta sa ta biyu a gabas. Sannan Raliya ta fara karatu.

"Jami'ar Ƙasa ta Bilanta," ta karanta, "ita ce babbar jami'ar ƙasar, kuma tana zaune a gaɓa biyu na Kogin Tamba. A gabas akwai makarantar zaure tun 1924, inda 'ya'yan fatake ke koyon karatu da lissafi. A yamma akwai kwalejin mishan tun 1931, inda ake horar da malamai da nas-nas. Shekara ashirin da bakwai ba abin da ke haɗa su sai kwalekwale, shi ma ba ya aiki da damina. Da aka gama gada a 1958, 'yan gabas suka fara ƙetarawa neman magani da Turanci, 'yan yamma suka fara ƙetarawa neman malamin lissafi, domin nasu ya koma ƙasarsu. A 1962 gwamnati ta ga ɗalibai sun riga ta, sai ta sa hannu a doka ta mai da makarantun biyu jami'a guda."

Ta juya shafi. Ta karanta cewa jami'ar ta buɗe da ɗalibai ɗari biyu da sha ɗaya, mata talatin a ciki, yanzu kuwa sun haura dubu ashirin da takwas. Sashen noma ne ya fi suna, domin shi ya fitar da irin cittar da ba ta ruɓewa a ƙasa, kuma duk manomin da ya kawo ganye mai ciwo ana duba masa ba sai ya san kowa ba. Akwai sashen injiniyan jirgin ƙasa, wanda ɗalibansa ke yin shekararsu ta uku a kan layi da guduma a hannu. Akwai asibitin koyarwa a yamma. A gabas akwai sashen harsuna, inda ake koyar da yare arba'in da ɗaya, kuma ba a ba ɗalibi takardar kammalawa sai ya iya gaisuwa da cinikin kasuwa da yaren da ba nasa ba. Wani a bencin tsakiya ya ce da a nan ne da Jonathan bai fita ba har abada. Aka yi 'yar dariya, ita ce ta farko a ajin cikin mako biyu.

Ba ta ɓoye aibin jami'ar ba. Ta ce ambaliyar 1994 ta cinye rabin littattafan ɗakin karatu. Ta ce an taɓa rufe ta wata tara saboda yajin aiki, kuma har yau ɗalibai na kuka da wake mai tsakuwa da ƙarancin ɗakin kwana. Ta ƙare da cewa duk da haka, a Bilanta idan uwa na son ta yi wa ɗanta addu'a takan ce Allah ya sa ya ƙetare gada.

Jonathan ne ya fara ɗaga yatsa, kamar yadda ta zata. Ya ce ya yarda da maganar rana, ba shi da ja, amma makarantar zaure ba ta ba da satifiket, saboda haka ya kamata a rubuta cewa jami'ar ta fara a 1931. Bai gama zama ba Irfan ya miƙe ya ce shi ma ya yarda da gabas da yamma, amma karatu karatu ne ko da satifiket ko babu, shekarar kafawa 1924 ce. Raliya ta lura cewa duka biyun ita suke harara, ba juna ba, abin ya yi mata daɗi.

"Jonathan, shekarunka nawa?" ta tambaya.

"Sha bakwai. Me ya kawo wannan?"

"Daga haihuwar babanka ka fara ƙirgawa, ko daga ta mamanka?"

Aji ya fashe da dariya, har Madam Keziya ta sunkuyar da kai tana gyara hannun jakarta. Jonathan ya ce jami'a ba mutum ba ce, ya fara jero dalilai, Irfan ya ce wannan karon gaskiyar Jonathan ce, jami'a ba mutum ba ce. Malam Gershon ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya dawo gaba ya ce lokacin hannu ya yi. Waɗanda suka amince a shigar da babin su ɗaga.

Raliya ba ta ƙirga ba da farko, fuskoki ta duba. Selina ta ɗaga, Khairat da ke kusa da ita ta ɗaga. Abednego, ɗan fasto, ya ɗaga hannu biyu aka ce ya sauke ɗaya. Daga benci zuwa benci hannuwa suka tashi, masu ɗankwali da masu hijabi, har Malam ya ƙirga ashirin da tara. Da aka ce waɗanda ba su amince ba, tara suka ɗaga: Jonathan da abokansa uku, Irfan da mutum huɗu. Madam Keziya ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Sannan ta miƙe ta rataya jakarta.

"Malam Gershon, ka riƙe littafinka," ta ce. "Amma a daina kai min maganar gida. Ke kuma," ta nuna Raliya, "ki gyara wannan wake mai tsakuwa, kar baƙi su ce haka muke ciyar da yara."

Ta sa aka ɗaukar mata kujera ta fita. Aka fara tafi, amma Jonathan ya ƙi zama. Ya ce shi bai yarda ba, kuma yana so ajin da zai zo ya san cewa bai yarda ba. Irfan ya ce shi ma haka. Malam Gershon ya ce babin na Raliya ne, ita za ta yanke.

Ta duba takardarta ta ƙarshe, inda rabin shafi ya rage fari. Ta ce ta manta da sashen tarihi. A wannan sashen akwai furofesoshi biyu, ɗaya yana cewa 1931, ɗaya yana cewa 1924, kowa ya rubuta littafi, kuma saboda ƙarancin ɗakuna ofis ɗaya aka ba su. Kowannensu zai sami layi goma a kundin ya kawo hujjarsa, da sharaɗin daga cikin kundin zai samo ta, ba daga gida ba.

Jonathan ya tambaya ko za a rubuta Furofesa a gaban sunansa. Ta ce za a rubuta. Irfan ya ce tunda tasa shekarar ce ta farko, shi zai fara. Jonathan ya ce ai haruffa ake bi, sai ya tuna da wane harafi sunan Irfan ya fara, ya ce a bar maganar haruffa. Suna wannan, Malam Gershon ya ajiye kundin a kan tebur ya buɗe sabon shafi. Raliya ta ja benci ta zauna, ta gwada biron a bayan hannunta, ta ce su je can su sasanta, ita tana da shafi huɗu da za ta kwafe kafin a tashi.